Littafin lojik mai lambar rajista: sabo zan saya ko na hannu ya wadatar?

Ummi_Dorayi
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Ina aji ɗaya a sashen kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a nan Kano, wannan zangon muna da kwas ɗin lojik na farko, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Malaminmu ya ce littafin da za mu yi da shi shi ne Language, Proof and Logic, kuma maki 30 na gwaji duk daga jingar da za mu riƙa turawa ta manhajar littafin za su fito. Mako biyu ya ba mu kowa ya yi rajista.

Na je Sabon Gari wajen masu littattafai, shago huɗu na shiga, sabo babu. Wani ya ce zai sa a kawo mini daga Legas, amma kuɗin da ya faɗa ya fi abin da Baba yake ba ni na wata biyu. A shago na ƙarshe na tarar da na hannu guda ɗaya, tsaf da shi, ko alƙalami bai taɓa shi ba, kuma kuɗinsa bai kai rubu'in na sabon ba. Mai shagon ya rantse mini komai yana ciki har da faifan CD. Na ce ya ajiye mini zuwa jibi. Ga kuma 'yan ajinmu suna ta yawo da fotokwafi.

Tambayata ita ce, in na sayi na hannun, zan iya tura jingar? Baba ɗan fansho ne, ba na son in karɓi kuɗinsa sau biyu a kan abu ɗaya.

Sadiq_Hotoro
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kada ki saya. Ni ya taɓa ci. Bara na sayi irinsa a hannun wani, da faifansa da komai, na koma gida ina murna na yi arha. Ranar da na zo tura jingar farko na shigar da lambar, aka ce an riga an yi rajista da ita da sunan wani. Na koma wajen wanda ya sayar mini ya ce shi littafi ya sayar, ga littafi nan a hannuna. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, amma kuɗina dai sun tafi.

Zee_Tarauni
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Fotokwafi nawa yake? Karatun da ke cikin sabo shi ne a cikin kwafi.

Injiniya_Bash
@Zee_Tarauni karatun ɗaya ne, gaskiya ne, amma makinta 30 ba a cikin takarda yake ba. Bari in warware yadda abin yake, don na yi wannan littafin lokacin da nake karatu a waje, kuma har yau yana kan kantata.

Malamai biyu ne suka fara rubuta shi, Jon Barwise da John Etchemendy, ya fito a 1999, daga baya aka yi bugu na biyu a 2011 tare da Dave Barker-Plummer. Cibiyar CSLI ta jami'ar Stanford a Amurka ce take buga shi. Manhajoji huɗu ke tafe da shi. Akwai Tarski's World, wani fili ne kamar allon dara, kana jera siffofi manya da ƙanana a kai, sai ka rubuta jimla da alamomin lojik, ita kuma ta gaya maka ko jimlar gaskiya ce a wannan filin ko ƙarya. Akwai Boole, ta zana jadawalin gaskiya da ƙarya. Akwai Fitch, inda kake gina hujja layi bayan layi, kowane layi sai ka faɗi dokar da ta ba ka damar rubuta shi. Ta huɗun ita ce Submit, aikinta kawai ɗaukar fayil ɗinka ta aika wa na'urar da ke duba jinga, wadda suke kira Grade Grinder. Na'urar ce take mayar maka da sakamako ta imel, in ka zaɓa kuma ta tura wa malaminka.

To ukun farko suna aiki ko a wace kwamfuta ka girka su. Ta huɗun ce ba ta karɓar aikinka sai da lambar rajista, kuma lambar ta mutum ɗaya ce. Da zarar wani ya yi amfani da ita, ta zama tasa. Shi ya sa na hannu yake arha. Ƙanwata Ummi, abin da malaminku yake so ku mallaka lambar ce, takardar rakiya kawai ta yo.

Ummi_Dorayi
Yaya Bash na gode ƙwarai, yanzu na gane. To amma littafin da na gani kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Ba zai yiwu mai shi bai yi amfani da lambar ba?

Injiniya_Bash
Zai yiwu, amma da ido ba za ki sani ba. Mutum yana iya yin rajista da lambar ya yi duk jingarsa a kwamfuta, littafin ko shafi goma bai karanta ba. In mai shagon ya yarda ki je da laftof ki gwada lambar a gabansa kafin ki biya, shi ke nan. In bai yarda ba ki bar masa kayansa.

Alhaji_MaiLittafi
Ni sana'ata ke nan, shekara ashirin da wani abu ina sayar da littafi, kuma zan yi wa ɗan'uwana mai shagon adalci. Mai yiwuwa ba yaudara ya yi niyya ba. Mu abin da muka sani, a duba shafi ya cika, bango bai yage ba, in da faifai a ga faifan. Wannan zancen lamba sabon abu ne a wajenmu. Ni kaina sai da wani yaro ya dawo mini da littafin lissafi yana kusan kuka sannan na san akwai irin wannan. Na mayar masa da kuɗinsa, tun daga ranar kuma duk littafin waje da na ga alamar lamba a jikinsa, in ledarsa a ɓare take, sai in gaya wa mai saye tun farko cewa takarda kawai yake saye.

Sabo kuma ba ma ajiyewa saboda wa zai saya? Ka zuba jarinka a kwafi biyar, su shekara biyu suna shan ƙura, kafin nan an yi sabon bugu.

MamanKhalifa
Ni tambayata ga malaman nan take. 'Ya'yana uku ne a manyan makarantu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kuma mutum nawa ne ma ake ba su hakan? Malami ya tsaya gaban aji, yawancin yaran da a daidaita sahu suka zo wasu ma a ƙafa, ya ce kowa ya nemo abin da da dala ake sayensa cikin mako biyu. A da handawut muke kuka da shi, ana cewa in ba ka saya ba ba za a rubuta sunanka ba. Wannan me ya raba shi da wancan? Ɗiyata Ummi, ki yi haƙuri, ba da ke nake ba, abin ne ya daɗe yana ci mini rai.

Dr_Koyarwa
Hajiya Maman Khalifa, Allah ya huci zuciyarki. Ni malami ne a wata makarantar daban, ban san malamin su Ummi ba, amma akwai bambanci kuma ya kamata a faɗe shi. Mai tilasta handawut aljihunsa kuɗin yake shiga. Wannan kuwa ko kwabo ba ya zuwa wa malamin.

Abin da ya kai shi ga haka, ina jin na sani, don ni ma ina cikinsa. Lojik ba a koyonsa da sauraro. Kamar ɗinki ne, sai ka yi, ka ɓata, a nuna maka inda ka ɓata, ka farke ka sake. A ajina na bara ɗalibai sun haura 300. In na ba kowa hujja biyar ya gina a mako, takarda 1,500 ke nan, kuma hujja ba a duba ta da kallon amsar ƙarshe, sai ka bi kowane layi. Ni kaɗai ne, ba mataimaki. Abin da yake faruwa shi ne sai in ba da jinga biyu a zango gaba ɗaya, in mayar musu bayan wata guda, lokacin yaro ya manta ma abin da ya rubuta. Na'urar kuwa cikin ɗan lokaci take ce masa layi na bakwai bai biyo daga na sama ba, ya gyara ya sake turawa tun abin yana da zafi a kansa. Duk malamin da ya taɓa ganin yadda ɗalibai suke gogewa da wannan, zai yi kwaɗayinsa wa yaransa.

Inda na yarda da ke shi ne, bai kamata a ɗora maki 30 a kan abin da rabin aji ba za su iya saye ba, ba tare da an buɗe musu wata ƙofa ba.

MamanKhalifa
Na ji bayaninka Dakta, kuma na janye maganar handawut. Amma wahalar ajin mutum 300 ba iyaye suka jawo ta ba, su kuma ake miƙa wa lissafin.

Nura_Fagge
Ku haɗa kuɗi ku biyar ku sayi lamba ɗaya mana. Kowa ya tura nasa.

Sadiq_Hotoro
@Nura_Fagge ba ya yiwuwa. Lambar da suna ɗaya take ɗaure, duk abin da aka tura da sunan mutum ɗaya zai je wa malami. Kuma wani abin da ya kamata Ummi ta gaya wa 'yan ajinsu, na'urar tana gane fayil ɗin da aka kwafa daga wani, ko da an canza masa suna. A ajinmu mutum shida aka kira ofis a kan haka. Kowa ya buɗe nasa fayil ɗin daga farko, ko da tare kuke zaune kuna tattauna amsar.

Dan_Wapa
Akwai hanyar da ba a ambata ba. A shafin masu littafin ana sayar da shi ba takarda, wato PDF da manhajojin da sabuwar lamba. Babu kuɗin jirgi, babu jiran Legas, babu ribar ɗan tsakiya. Matsalar biya ce kawai, da dala ne. A 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da katin naira a waje, a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Ki tambayi bankinki ko katinki yana yi. In ba ya yi ki nemi ɗan'uwa mai asusun dala ya biya miki ki ba shi naira.

Abin da ya sa kuɗin ya yi nauyi haka, kafin Yuni 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Littafin bai canza ba, kuɗinmu ne ya faɗi.

Gargaɗi ɗaya, kada ki tura wa wani a intanet kuɗi don ya ce yana sayar da lamba da arha. Daga shafinsu kawai.

Mal_Tijjani_Sharifai
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, don ni ban san manhaja ba. Amma abin da ya ba ni mamaki, ana ta magana kamar wannan ilimin baƙo ne da ya sauka jiya daga Amurka. Sunansa manɗiƙi, kuma a garin nan an fi shekara 500 ana karanta shi.

Shehu Maghili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mutane sun fi saninsa da nasihar da ya rubuta wa Sarki kan sha'anin mulki, amma malamin manɗiƙi ne, yana da waƙe a fannin. Har ma sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, shi Suyuɗi yana hana karatun manɗiƙi, Maghili yana kare shi. Bayansu Abdurrahman Al'akhdari, mutumin ƙasar Aljeriya, ya tsara waƙar manɗiƙi mai suna Sullamu a ƙarni na 16, baitoci ɗari da arba'in da 'yan kai, shi ne muka haddace a zaure. A ciki ya kawo saɓanin da kansa, cewa Ibnu Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai lafiyayyen hankali da ya riƙe Alƙur'ani da Sunna.

Kwafin da na yi karatu da shi a kasuwar Kurmi na saye shi, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Bayan ni ƙannena biyu sun karanta shi, yanzu yana hannun ɗana. Abin da ya tsaya mini a rai a zancenku ke nan, littafin da ba ya gaduwa. Mu mun taso ana cewa littafi sadaka ce mai gudana.

Zee_Tarauni
Allah ya gafarta Malam, to ashe Ummi ta je Kurmi kawai ta huta.

Injiniya_Bash
A'a Zee, Malam bai ce haka ba. Tushen ɗaya ne amma reshen ya bambanta. Abin da ke cikin Sullamu manɗiƙin Aristotle ne kamar yadda malaman Musulunci suka gyara shi suka faɗaɗa, muƙaddima biyu, wato maganganun da aka kafa, su haifar da natija, wato sakamako. Wanda ake koya wa su Ummi na alamomi ne, wanda ya taso daga aikin George Boole ɗan Ingila, littafinsa na 1854, da Gottlob Frege a Jamus a 1879. Shi ne ya zama harsashin kwamfuta, shi ya sa ake tilasta wa 'yan sashensu. Sullamu ba zai koya mata gina hujja a Fitch ba.

Amma wallahi wanda ya yi zaure yana da riba a ajin nan, ni shaida ne. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne bambanta "idan" da "sai idan". Malamin usulu kuwa tuni ya gama mana wannan da misalin alwala. Alwala sharaɗin sallah ce, in babu ita babu sallah, amma samuwarta ba ta nuna an yi sallah. Ranar da na gane cewa wannan shi ne abin da Baturen malaminmu yake ta zana mana da kibiya a allo, rabin wahalar kwas ɗin ta sauka daga kaina.

Mal_Tijjani_Sharifai
Madalla da Injiniya, haka yake. Kuma Hausa ma tana da shi a bakinta. In uwa ta ce wa ɗanta ba za ka ci jarrabawa ba sai ka yi karatu, ba ta yi masa alkawarin ci ba. Ta dai gaya masa abin da in babu shi babu ci.

Hafsat_Gwale
Wannan misalin ya fi duk bayanin da aka yi mana a aji. Ni a kwas ɗin gama-gari na falsafa da lojik da kowa yake yi na haɗu da shi, haddace sunayen kurakuran hujja kawai muka yi muka zuba a jarrabawa. Misali ɗaya ne ya zauna mini, shi ma wata 'yar ɗakinmu ce ta ba ni. In an kawo wuta firjin mai shago zai yi sanyi. Ka taɓa lemo ka ji sanyi, sai ka ce an kawo wuta. Ba lallai ba, ƙila inji ya tayar, ƙila ƙanƙara ya sayo.

Admin_Kabiru
Jama'a karatun yana da daɗi, Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma yarinyar nan jibi za ta koma Sabon Gari. A dawo kan tambayarta.

Aliyu_RijiyarZaki
To ga abin da ban ga an faɗa ba. Akwai littafin lojik na kyauta, halak malak, ba na sata ba. Sunansa forall x, wani malami P. D. Magnus ya rubuta ya sake shi kowa ya ɗauka, daga baya malaman jami'ar Calgary a Kanada suka fitar da nasu bugun da suka faɗaɗa. Salon gina hujjar da ke ciki irin na Fitch ne. Kuma akwai wani shafi, Carnap, shi ma kyauta, wanda yake duba hujja a cikin burauza, malami yana iya buɗe aji a ciki ya ba da jinga na'ura ta duba. Wato abin da Dr_Koyarwa yake nema na sauƙin duba aikin mutum 300 ana samunsa ba tare da yaro ya nemo dala ba.

Ba zai ba Ummi makinta na wannan zangon ba, tunda ba shi malaminta ya zaɓa ba. Amma wakilin ajinsu zai iya kai wa malamin maganar.

Dr_Koyarwa
Malam Aliyu na gode, na san littafin, shafin ne ban taɓa gwadawa ba, zan duba shi a hutun nan. Sai dai a yi wa malamin uzuri in bai sauya nan take ba. Wanda ya tsara darasin mako goma sha biyu a kan littafi ɗaya, da misalansa da tambayoyinsa, ba zai juya a mako na uku ba. Kuma filin siffofin nan na Tarski's World yana da wani amfani na daban ga mai farawa, yaro yana ganin jimlarsa ta ƙaryata a gaban idonsa.

Shawarata ga su Ummi, kada mutum ɗaya ya je, kuma kada a je da faɗa. Wakilin aji ya rubuta sunayen waɗanda da gaske ba za su iya ba, a je mutum uku ko huɗu, a ce Malam muna son kwas ɗin, ga halin da muke ciki, wace hanya za ka buɗe mana. Littafin kansa yana da tambayoyin da a takarda ake amsa su a miƙa wa malami, ba duka na'ura take dubawa ba. Yana iya ware wa marasa hali irin waɗannan.

Nura_Fagge
Wai shi Tarski ɗin shi ya ƙirƙiri manhajar?

Injiniya_Bash
A'a, sunansa aka sa mata don girmamawa. Alfred Tarski masanin lojik ne ɗan asalin Folan, ya koyar a Amurka, ya rasu a 1983. Ya shahara da aikinsa kan abin da ake nufi in an ce jimla gaskiya ce. Haka Fitch, sunan Frederic Fitch ne na jami'ar Yale.

Zee_Tarauni
Ni har yanzu ina kan bakana game da fotokwafi, ko da za ta sayi lambar. Karatu a fuskar kwamfuta da wutar unguwarmu? Kwana biyu muna yi ba mu ga ƙyallinta ba. Takarda ba ta neman caji.

Ustaz_Naibawa
Zee, a nan sai an bambanta. Wanda ya sayi PDF da kuɗinsa ya buga wasu shafuka don karatun kansa daban, wanda ya ɗauki littafin mutane ya buga ɗari yana sayarwa a bakin makaranta daban. Na biyun cin haƙƙi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan. Talauci uzuri ne ga ɗalibin, amma mai injin da ya mayar da abin kasuwa ba shi da wannan uzurin.

MamanKhalifa
Ustaz, in ba don masu injin nan ba da rabin waɗanda suka yi digiri a garin nan ba su ga littafi ba. Ban ce daidai ba ne. Na ce a fara gyara abin da ya kai yara wajensu.

Ustaz_Naibawa
Ban musa ba Hajiya. Shi ya sa maganar Malam Aliyu ta fi kwanta mini, tunda ga na halak kyauta.

Sadiq_Hotoro
Zee ta taɓo abu mai muhimmanci da muka tsallake. Ummi kina da laftof? Don manhajojin nan a kwamfuta muka girka su. Ni a ta abokina na yi zangon gaba ɗaya, shi da rana ni da dare. Aikin kansa ba ya cin data, ba ka buƙatar intanet sai lokacin turawa, fayilolin kuma ƙanana ne, da hotspot na waya nake aikawa. Ki riƙa ajiye aikinki a filas ɗinki, kuma kada ki bari sai daren ranar ƙarshe. Ki fara tura wa kanki kaɗai ki ga kurakuranki, in ya yi kyau sannan ki tura har da malami.

Ummi_Dorayi
Yaya Sadiq akwai ta yayata da ta gama hidimar ƙasa, batirin ya mutu amma tana yi in an jona. Maƙwabtanmu suna da sola, matar gidan ta ce in riƙa zuwa da yamma.

Hafsat_Gwale
Kin nemi bashin NELFUND, wanda gwamnati take ba ɗalibai? Ana ba da naira 20,000 duk wata na kashewa ban da kuɗin makaranta.

Ummi_Dorayi
Na cike Anti Hafsat, bai fara shigowa ba tukuna. Ko ya shigo ma kuɗin mota ne zai cinye shi, daga Dorayi kullum.

Alhaji_MaiLittafi
'Yata, in kin yanke ba za ki sayi na hannun ba, ki daure ki sanar da mai shagon, kada ya yi ta ajiya yana korar wani mai sayen.

Ummi_Dorayi
Salam jama'a, na dawo da labari. Na tura wa wakilin ajinmu duk abin da aka tattauna a nan. Ya zagaya da takarda, cikin mu 140 mutum 31 ne kawai suka riga suka sami lamba, kuma biyu daga waɗanda suka sayi na hannu abin da ya sami Yaya Sadiq ne ya same su. Jiya mu huɗu muka je ofishin Malam kamar yadda Dakta ya ce.

Ya saurare mu sosai, bai yi faɗa ba. Ya ce bai san sabo ba ya samuwa a gari ba. Ya ƙara mana mako uku. Ya ce wanda ya kasa zai karɓi jingarsa a takarda, amma sau uku kawai zai iya dubawa a zangon, masu lamba kuwa duk mako. Maganar littafin kyautar ya rubuta sunan a takardarsa, ya ce bana dai an riga an fara, zai duba don 'yan baya.

Ni na yi magana da Baba. Na nuna masa bayanin Yaya Bash da na Dan_Wapa, ya yi shiru ya ce in kwamfuta zan karanta gara in koyi abin da kyau. Ɗan yayarsa da ke aiki a Abuja zai biya da katinsa, Baba ya mayar masa kashi biyu. Ban ji daɗin karɓa ba amma na karɓa.

MamanKhalifa
Allah ya saka wa mahaifinki, ya sa ki rama masa. Amma ku duba, yanzu aji ɗaya ya rabu biyu, masu gyara duk mako da masu gyara sau uku, kuma jarrabawa ɗaya za su zauna. Sauran ɗari da wani abun fa?

Aliyu_RijiyarZaki
Hajiya, waɗanda ke kan takarda su riƙa gwada hannunsu a Carnap, kyauta ne kuma a burauza yake. Alamomin da sunayen dokokin sun ɗan bambanta da na littafinsu, amma tunanin ɗaya ne. Ummi ki ba wakilinku sunana a nan, in sun sami aji ranar Asabar zan zo in nuna musu yadda ake shiga.

Dr_Koyarwa
Sau uku a takarda ga mutum ɗari ba ƙaramin aiki ya ɗaukar wa kansa ba, a yaba masa. Amma tambayar Hajiya tana nan, kuma ta fi ƙarfin malami ɗaya. Sashe ne ya kamata ya zauna kafin a buɗe zango ya duba abin da ake ɗora wa yara.

Mal_Tijjani_Sharifai
Ummi, in kin kai babin "idan" ya yi miki tsauri, ki tambayi mahaifinki sharuɗɗan sallah, ku yi darasin tare. Allah ya ba da sa'a.

Ummi_Dorayi
Amin Malam, na gode. Yaya Aliyu na tura masa, ya ce zai nemi ajin. Alhaji, gobe in sha Allah zan biya Sabon Gari in gaya wa mai shagon ya saki littafin, kuma zan yi masa bayanin lambar yadda kuka yi mini, don 'yan ajinmu biyu sun ce za su je nema a layinsu.